Yadda ake tayar da kan jirgin Class 08 a kuma haɗa taragu da shi

Tsakanin 1952 da 1962 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera irin wannan kan jirgi guda 996 a masana'antunta na Derby, Crewe, Darlington, Doncaster da Horwich. Aikinsa jera taragu a cikin tasha, gudunsa kuwa a mafi yawansu kilomita 24 ne kacal a awa. Wasu suna aiki har yau, kuma direba mai gaggawa ba ya jin daɗinsu.

Da farko ka zagaya shi a ƙasa. Duba man inji da ruwan lagireto da man dizal, ka leƙa sandunan ƙarfen da suka haɗa ƙafafunsa shida, ka tabbatar birkin hannu na ɗaure.

Sai ka jona batir. Kafin ka tayar, ka buga famfon hannu har man inji ya zagaya ko'ina. Nan ne masu kasala ke yin ɓarna, domin injin English Electric mai ƙarfin doki 350 da ya kwana cikin sanyin Ingila, in ya juya a bushe, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ba shi da sitata ta daban. Wutar batir ce ke juya janaretansa, janareta kuma ya murza injin har ya kama.

Ya tashi? To, dakata. Bari iska ta cika tankunan birki, ka gwada birkin, sannan ka kwance na hannu.

Wajen haɗa taragu, idon direba yana kan abokin aikinsa da ke ƙasa, mai saƙala taragun. Dogon hancin injin na tare gaba, shi ya sa aka sa abin tuƙi a ɓangarori biyu na ɗakin direba. Tsaya a gefen da kake hango abokin aikinka. Shi zai juya layi ya ba ka alama da hannu, ko da fitila in dare ne, ko ta rediyo. Ka matso da saurin tafiyar ƙafa har kan jirgin ya taɓa tarago a hankali, ka taka birki, kuma kada ka motsa sai ya saƙala ƙugiya ya fito daga tsakani ka gan shi da idonka. In alamarsa ta ɓace maka, tsaya nan take.

Ka kuma tuna nauyin kan jirgin wajen tan 50 ne, taragun da ke bayansa sun ninka haka, don haka ka fara birki da wuri.

Idan ya mutu aka zo janye shi zuwa wata tasha da gudun da ya wuce nasa, sai an raba giyarsa da injunan lantarki biyu da ke juya ƙafafun, in ba haka ba za su yi juyin da ya fi ƙarfinsu su lalace.