Shiga Gidan Soba a Japan: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya sauka a Japan ba zai yi kwana uku ba sai ya ci karo da soba, wata siririyar taliya mai launin toka da ake yi da garin wani hatsi da ba a noma shi a ƙasar Hausa. Sau da yawa ana haɗa kashi 8 na garinsa da kashi 2 na alkama domin ta kama jiki. Yankin Nagano ya yi suna wajen yin ta, amma a tashoshin jirgin ƙasa ma akwai ƙananan shagunan da ake ci a tsaye, inda mutum zai fara sayen tikiti a na'urar bakin ƙofa kafin ya miƙa wa mai dafawa. Ya kamata a riƙe tsabar kuɗi, domin wasu ba sa karɓar kati.

Iri biyu ne za a fi gani. Akwai kake soba, wadda ake kawowa cikin romo mai zafi, da kuma zaru soba, wadda ake wankewa da ruwan sanyi a ɗora a kan faifan gora, a kawo ta da ƙaramin kofin miyar da ake kira tsuyu.

Ga Musulmi, maganar tana cikin wannan miyar. Taliyar kanta gari ce da ruwa, amma ana haɗa tsuyu da romon busasshen kifi, da ruwan waken suya, da mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi, kuma da ita ake haɗa romon zafin ma. Malamai sun bambanta kan giyar da aka dafa cikin abinci, saboda haka kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda ya zaɓi kauce wa shubuha, ni a ganina mai sanyin ta fi masa sauƙi, domin zai iya ajiye kofin a gefe ya nemi gishiri, wato shio, ya ci da ɗan wasabi, wani koren yaji na Japan. Ba za a yi masa kallon baƙauye ba, don masana soba kan fara ɗanɗana ta da gishiri kaɗai. Idan an ga nama a kai, a tambaya ko butaniku ne, wato naman alade. Kamo kuwa agwagwa ce, sai dai ba a san yadda aka yanka ta ba.

Wanda jikinsa kan yi bori da wasu abinci ya yi hattara, domin wannan hatsi yana cikin waɗanda dokar Japan ta wajabta rubuta sunansu a jikin kayan abinci, kuma shaguna da yawa suna dafa udon, wata taliyar alkama mai kauri, a tukunya ɗaya da soba, don haka ko ita aka zaɓa ba a tsira ba.

Zuƙar taliya da ƙara, wadda a gida za ta jawo wa yaro harara, a nan ba abin kunya ba ce. Abin da ake ƙyama shi ne a soke sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin hakan al'adar jana'izarsu ce. A ƙarshe za a iya kawo ƴar buta mai ruwan da aka dafa taliyar, sobayu, wanda ake sha da ɗuminsa. Ba a barin tukwici a kan tebur. Mutum ya biya kuɗinsa cif, ya ce gochisosama deshita, wato godiya ga abincin, yayin fita.