Ɗaukar hoton ɗaki mai taga da rana tsaka

Idan za ku ɗauki hoton ɗaki mai duhu alhali rana tana ƙwallewa ta taga, kada ku dogara da hoto ɗaya. Ku kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, ku ɗauki hotuna uku a ma'aunin haske -2 da 0 da +2, wato ɗaya mai duhu, ɗaya daidai, ɗaya mai haske sosai, sannan ku haɗa su su zama hoto ɗaya a Lightroom, manhajar gyaran hotuna.

Ku bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, buɗewar idon kyamara a f/8, saurin ɗauka kaɗai za ku riƙa canzawa, domin taɓa buɗewar idon yana sauya abin da zai fito tar.

Dalilin ɗaukar hotuna uku shi ne kyamara ba ta iya kama inuwa da hasken taga lokaci guda kamar idon mutum.

Dabarar ba ta son motsi. Na gwada ranar da iska ke kaɗa labule, sai ya fito biyu-biyu kamar fatalwa.