Yadda za ka lissafa kuɗin gina gidanka kafin ka sa bulon farko

Toh jama'a, tambayar da ake yawan yi ita ce wai nawa zai ishe ni in gina ɗaki uku da falo? Gaskiya duk wanda ya yanka maka kuɗi daga zaune, bai ga filin ba bai ga zanen ba, to hasashe kawai yake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin kaya bai zauna waje ɗaya ba, a farkon 2024 buhun siminti sai da ya haura naira dubu 10 a garuruwa da yawa. Shi ya sa ni shawarata kar ka fara lissafi da naira, fara da kaya. Bulo nawa, siminti buhu nawa, rodi nawa, yashi tifa nawa. Adadin kaya ba ya canzawa, farashi ne ke canzawa, ranar da ka tashi sai ka ninka da farashin ranar.

Kafin komai dai a gama da maganar fili da takardu. Ba kuɗin fuloti kaɗai ba ne, akwai la'adar dillali, akwai awo, akwai takardar mallaka, sannan akwai izinin gini, hukumar tsara birane ke bayarwa, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Mutane suna raina wannan sai an zo an shafa musu jan fenti a bango hankali ya tashi. Sai zane. Don Allah ka biya mai zanen gida ya zana maka ko da ɗan ƙaramin gida ne, domin ba zane ba lissafi, magini zai dinga cewa a ƙara nan a rage can, kowane "a ƙara" kuwa siminti ne.

Yanzu ga yadda ake ƙirga bulo, abin ba wuya. Tsawon bulo ɗaya inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi, tsayinsa inci 9. Ɗauki ɗaki 12 ba 12, zagayensa ƙafa 48 kenan, raba da ɗaya da rabi ya ba ka bulo 32 a kowane layi. Daga dabe zuwa inda za a ɗora rufi wajen layi 13 ne in kana son tsayin ƙafa 10, 32 sau 13 ya kama 416, cire gurbin ƙofa da taga wajen bulo 30 da ɗoriya, kaga kana neman 380 haka. Wannan banda na fandisho fa, shi ma layi uku ko huɗu zai ci, in wajen fadama ne ko gangare ma ya fi haka. Kuma ka tuna ɗakuna suna haɗa bango, kar ka ƙirga bangon tsakiya sau biyu. In ka gama ka ƙara kamar kashi 5 cikin ɗari saboda wanda zai fashe wajen lodi da saukewa.

Katanga kuwa ita ce ke ba mutane mamaki. Fuloti 50 ba 100 zagayensa ƙafa 300, bulo 200 kenan a layi ɗaya tak, in za ka yi layi 12 har da na cikin ƙasa ka ga 2,400, ba a yi maganar fila, wato ginshiƙin kankare, da rodinta ba, ba a yi maganar get ba. Bulon ɗakuna kusan shida kenan ya tafi a katanga kawai. To mu nan gida ba katanga ai ba gida ba ne, iyali ba za su sake ba, dole ta shiga lissafi tun farko.

Kankare shi ma yana da ma'auni, wanda aka fi sani shi ne 1:2:4, siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu. Buhu ɗaya kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu, kenan buhu ɗaya yana tafiya da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Ranar zuba linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, ko fila ka tsaya da kanka ko ka sa wanda ka yarda da shi ya ƙirga kwanukan nan, a nan ake cin amana kuma a nan gini ke samun rauni. Haka bulo, in za ka saya ka ɗaga guda ɗaya ka murza gefensa da yatsa, in yashi na zubowa ka bar shi komin arharsa, an tsawwala wa buhu ɗaya ne aka fitar da bulo da yawa. Rodi kuma akwai mai cikakken kauri akwai wanda sunan mai kaurin milimita 12 kawai yake amsawa, in kana Kano ka shiga Ƙofar Ruwa ka tambayi shago uku ko huɗu, katako kuma ka leƙa Na'ibawa, ka tambaya har da kuɗin mota zuwa filinka saboda dako yanzu ba ƙaramin abu ba ne.

Kuɗin aiki, ni na fi son jinga a kan biyan yini, amma jinga mataki mataki, daga tono zuwa dabe kaza, daga dabe zuwa linta kaza, rufi kaza. A rubuta a takarda a gaban shaida ko da ɗan'uwanka ne maginin, kuma kar ka biya duka kafin a gama matakin. Ka tambaya tun wuri waye zai biya leburori, waye zai kawo ruwa, domin ruwan gini in ba rijiya a wajen 'yan garuwa ko tanka za su ci maka kuɗin da ba ka taɓa kawowa a rai ba.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne bayan rufi. Da an buga kwano sai mutum ya ji ai ya gama, har ya fara gaya wa maigidan haya ya kusa tashi, alhali filasta ciki da waje, wayarin, aikin famfo, sokawe, silin, tayil, ƙofofi, tagogi da fenti duk suna gaba, kuma sau tari abin da za su ci yana kamo abin da aka kashe daga fandisho zuwa rufi, in kana da dogon buri ma ya wuce. Kangwayen nan da kake gani a bayan gari an rufe ba a shiga ba, yawanci a nan lissafin ya karye. Don haka ka rubuta kowanne da layinsa, tayil ka auna faɗin kowane ɗaki, ƙofofi da tagogi ka ƙirga su daga zane, ka kira mai wayarin da mai famfo su rubuto maka jerin kayansu tun ana fandisho, dama bututunsu kafin dabe da filasta ake sawa, in ba haka ba sai an sake fasa bango.

In ka haɗa jimilla ka ɗora aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. In kuɗin bai kai ba, ka yi fandishon gidan duka amma ka tayar da ɗaki ɗaya da falo da banɗaki da kicin ka gama su tsaf ka shiga, kuɗin haya ya koma cikin sauran. Kuɗin da ke hannu kuma a mai da shi rodi, bulo ko kwano, su suna jira. Siminti ne dai kar ka tara da yawa, musamman da damina, danshi na kama shi ya daskare, ka saye shi daidai aikin sati biyu ko uku, a jera a kan katako nesa da bango.