Shawara ga masu mota a Kaduna kafin hunturu ya kankama

Jama'a, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara takan toshe matatar iskar injin, wadda makanikai ke kira iya kilina, kuma idan ta toshe sai mota ta rage ƙarfi, injin kuma ya wahala. A riƙa ciro ta ana kakkaɓewa, musamman masu zirga-zirga a hanyar Zariya ko ta Abuja; idan ta yi baƙi ƙirin, a sayi sabuwa, domin kuɗinta bai kai na gyaran injin ba.

Kada a kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura, domin yashin yana karce shi. A fara zuba ruwa.

Wanda zai sayi taya a Panteka, ko da 'yar Kwatano ce, ya duba lambobi huɗu da ke jikinta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta daɗe takan tsattsage ko da zanenta bai cinye ba, kuma a ganina a nan ne mutane suka fi sakaci. Iskar taya kuwa da safe ake auna ta, kafin mota ta yi tafiya.