Yadda Jagora Zai Yanke Hukunci a Wasan Dungeons & Dragons

A wannan wasa na tebur, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1974, jagora ne ke ba da labari, sauran 'yan wasa kuma kowa yana riƙe da jaruminsa.

Da farko, jagora ya bayyana halin da ake ciki, misali ƙofar kurkuku a kulle ga masu gadi suna tahowa, sannan ya tambayi ɗan wasa abin da jaruminsa zai yi.

Idan aikin ba shi da haɗari, a bar shi ya wuce, domin yawan jifan ɗan lido don yanke hukunci yana kashe armashin labari.

Idan kuwa akwai shakka, jagora ya tsayar da lambar wahala kafin a yi jifa: 10 ga abu mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya. Daga nan ɗan wasa ya jefa ɗan lido mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da makin ƙwarewar da ke takardar jaruminsa. Idan jimlar ta kai lambar wahalar ko ta zarce ta, an yi nasara.

In ta gaza, kada jagora ya tsaya a kan "ƙofa ba ta buɗu ba". Ya fi kyau ya ce ƙarar ƙarfen ta jawo masu gadi.