Yadda Za Ka Karanta Littafin Mai Shakkar Asalin Addinin Kirista

Na daɗe ina koyar da ajin matasa a majami'armu a Kaltungo. Bara ɗan yayata ya dawo hutu daga jami'a da wani littafi a wayarsa, na wani Bature da ya bar bangaskiya. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Kawu, ashe ƙarshen Bisharar Markus ƙari aka yi?" Ban hana shi karantawa ba. Na ce ya turo mini, muka yi sati uku muna binsa tare.

Da farko ka sami littafin rubutu, ka ja layi a tsakiyar shafi. Dama, abin da marubucin ya kafa da hujja. Hagu, abin da ya ɗora a kai daga ra'ayinsa. Masu irin wannan rubutu sukan cakuɗa biyun cikin magana ɗaya, kai kuwa sai ka haɗiye duka ko ka tofar da duka.

Ɗauki tambayar yaron nan. Gaskiya ne Markus 16:9-20 ba ya cikin Sinaitikus da Batikanus, manyan kwafi biyu na Littafi Mai Tsarki da Helenanci daga ƙarni na 4. Haka ma labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11. Wannan ya tafi dama, kada ka yi gardama a kansa. Masana na cikin ikilisiya sun daɗe da sani, fassarori da yawa ma suna sa alama a wurin. Amma in marubucin ya ce saboda haka daga baya aka ƙirƙiro tashin Yesu daga matattu, hagu ke nan. Buɗe Markus 16:6, "ya tashi" na nan tun kafin ayoyin da ake magana a kansu. Bulus kuma ya rubuta 1 Korintiyawa 15 a shekarun 50 bayan haihuwar Almasihu, kafin Markus, wanda yawancin masana ke sa shi wajen shekara ta 70.

Duk ayar da marubucin ya ambata, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta surar gaba ɗaya.

Sai shekaru. Nan ne nake gane mai bincike da mai tara jita-jita. In ka ji an ce a taron Nikiya na 325 ne Sarki Konstantin ya zaɓi littattafan Sabon Alkawari, ba haka ba ne; a kan allahntakar Almasihu da koyarwar Ariyus, wanda ya ce Ɗan halitta ne, aka zauna. Jerin littattafai 27 yadda muke da su ya fito a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta 367. In kuma an ce ba a taɓa yin Yesu ba, Tasitus, marubucin tarihi Barome wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta wajen 116 cewa Bilatus ne ya kashe shi a zamanin Kaisar Tibariyas.

Ina roƙonka, kada ka kwashi abin da ka karanta da dare ka watsa a Facebook da safe, ko don ka zagi marubucin ko don ka tsokani maƙwabcinka Musulmi. Tambayar da ta gagare ka, rubuta ta a shafin baya, ka kai wa fasto ko malamin da ya san Helenanci.

Mu ma akwai wadda ta rage mana: Matiyu ya ce mahaifin Yusufu, mijin Maryamu, Yakubu ne, Luka ya ce Heli. Amsar da na ba ɗan yayata ba ta gamsar da shi ba. Mun ajiye ta sai ya zo Kirsimeti.