Mota Ta Tashi Daga Aiki: Yadda Za Ka Karɓi Haƙƙinka Daga Kamfanin Inshora

Kafin ka kira kowa, duba wace irin inshora ce a hannunka, domin a nan mutane da yawa ke fara yin kuskure. Inshorar tad-fati, wadda doka ta wajabta kuma tun 1 ga Janairun 2023 ake biyan Naira 15,000 a kanta ga motar gida, ba ta biyan ko sisi a kan motarka. Ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa Naira miliyan 3 idan dukiya ce. Wanda yake da cikakkiyar inshora, wato komfrihensif, shi ne zai iya neman kuɗin motarsa idan ta yi raga-raga, ko ta ƙone, ko aka sace ta. Sai ka tabbatar takardar ta gaske ce. Rumbun bayanai na NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi, zai nuna maka idan ka saka lambar motar, ko ka danna *565*11# a waya. Takardar da wani ɗan kamasho ya haɗa maka a bakin ofishin lasin, idan ba ta fito a nan ba, babu kamfanin da zai saurare ka. Haka kuma idan ba a biya kuɗin firimiya ba, wato kuɗin da kake biyan kamfani don ya yi maka inshorar, babu kariya. Wannan ƙa'ida ce tsohuwa a harkar.

A wurin haɗarin

Bayan an kula da rayuka, sai hotuna. Ɗauki motar ta kusurwa huɗu, a ga lambarta a fili, a ga inda ta tsaya a kan titi, da sawun birki idan akwai, da ɗaya motar da lambarta. Ɗauki allon dashbod inda kilomita ke nunawa, domin za ka buƙace shi ranar da ake ciniki a kan ƙimar motar. Karɓi lambar wayar shaidu biyu. A kira 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra su auna wurin kafin motar janwe ta ɗauke ta, kuma ka riƙe rasidin janwen, don yawancin takardun inshora na mayar da wani ɓangare na kuɗin.

Akwai abu biyu da al'adarmu ke ja mu zuwa gare su, kuma duka biyun suna iya ɓata maka nema. Na farko, amsa laifi a wurin, ko da da baki ne. Na biyu, yafewa. Jama'a sun taru, dattawa sun sa baki, an ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba, sai ka ce ka yafe wa wanda ya buge ka, wani lokaci har a rubuta a ofishin 'yan sanda cewa an sasanta. To, kamfanin da zai biya ka yana da haƙƙin ya bi wancan mutumin ko kamfanin inshorarsa ya karɓo abin da ya kashe. Idan ka yafe a rubuce, ka yafe abin da ba naka kaɗai ba ne, kuma kamfani na iya kafa hujja da wannan ya rage kuɗin ko ya ƙi biya. Ka yi wa mutum magana mai daɗi, amma ka ce maganar mota tana hannun inshora.

Sanar da kamfani a ranar, ko washegari. Kiran waya bai isa ba. Tura saƙon imel ko wasiƙa, ka samu lambar da aka ba koken naka. Kowace takardar inshora tana da wa'adin sanarwa a cikinta, kuma jinkiri shi ne hujja mafi sauƙi ga mai neman ƙin biya. Idan ta hannun dillalin inshora ka saya, shi ma ka sanar da shi, domin bin wannan magana aikinsa ne, an riga an biya shi kamasho a kanta.

Daga nan kada a taɓa motar. Kada bakanike ya kwance ko ƙusa ɗaya, kada fanal-bita ya fara miƙe komai, kada a cire batir ko tayoyi a kai gida “don ajiya”. Ka kai ta inda akwai tsaro, saboda abin da aka sace a jikinta bayan haɗari zai iya zama a wuyanka. Idan ruwa ne ya ci ta, kada ka kuskura ka tayar da injin don ka ji ko tana aiki. Ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sai ya lanƙwasa kon-rod ko ya fasa bulok, kuma kamfani zai ce wannan ɓarnar kai ka jawo ta da hannunka.

Wa ke yanke cewa ba ta gyaruwa?

Kamfani zai turo injiniyansa ko mai tantance asara. Shi zai duba motar, ya kwatanta kuɗin gyara da ƙimarta. Mota na iya tashi daga aiki ta hanya biyu. Akwai wadda kowa ya gani ya san ta gama, kamar wadda ta ƙone ƙurmus. Akwai kuma wadda za a iya gyarawa, amma kuɗin gyaran ya kai wani kaso mai yawa na ƙimarta, wanda kamfani ya ga gara ya biya gaba ɗaya. Wannan kason ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka nemi a nuna maka inda aka rubuta shi. Abubuwan da ke saurin kai mota wannan matsayi su ne shasi da ya lanƙwashe, eyabag da suka fashe tare da dashbod, rufin da ya lotse bayan mota ta wuntsila, da ruwan da ya kai ga birenbos, wato kwamfutar motar, da wayoyin ƙarƙashin kujeru.

Ka kasance a wurin ranar dubawa, tare da bakaniken da ka amince da shi da kuma ƙiyasin gyara a rubuce. Nemi kwafin rahoton. Ba kowane kamfani ke bayarwa da daɗin rai ba, amma ka nema a rubuce.

Lissafin kuɗin

Wannan shi ne wurin da ya kamata ka fi zuba ido. Ƙa'idar ita ce za a biya ka mafi ƙaranci tsakanin abu biyu: kuɗin da aka rubuta a takardar inshora a matsayin ƙimar motar, da kuɗin da motar za ta yi a kasuwa dab da haɗarin. Ba kuɗin da ka saye ta ba, ba kuma kuɗin sabuwa ba.

Ga misali. A ce mutum ya yi wa Toyota Corolla inshora a kan Naira miliyan 6 a 2022, kuma duk shekara yana sabuntawa a kan wannan adadi. Tun da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, farashin motocin Beljiyam ya yi tashin gwauron zabi, a ce yanzu irinta ta kai miliyan 11. Ranar da ta yi raga-raga, iyakar abin da zai gani shi ne miliyan 6. Daga ciki kuma za a cire ekses, wato kason asarar da mai mota ya yarda zai ɗauka da kansa. Idan takardarsa ta ce kashi 10 cikin ɗari, sai ya tashi da miliyan 5 da dubu 400, rabin kuɗin wata irinta ke nan. Dalilin da ke sa mutane barin tsohon adadi a bayyane yake: hukumar NAICOM, mai sa ido a kan kamfanonin inshora, ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar mota, don haka miliyan 6 na nufin dubu 300 a shekara, miliyan 11 kuwa dubu 550. An ɓoye dubu 250, an rasa miliyan biyar. Juya lissafin ma ba ya taimako: wanda ya rubuta miliyan 12 a kan motar miliyan 9, miliyan 9 ɗin za a ba shi, ƙarin firimiyar da ya yi ta biya kuwa ta tafi a banza.

Adadin da ke rubuce ba ya canjawa bayan haɗari, amma ƙimar kasuwa abin jayayya ce, kuma tayin farko ba dole ne ka karɓa ba. Idan suka kawo adadin da ya gaza wanda ke takardarka da sunan cewa motar ta tsufa, tambaye su yadda suka kai ga wannan adadi. Sai ka kawo naka: farashin mota uku ko huɗu masu irin shekararta da samfurinta da girman injinta, daga dillalan mota a rubuce ko daga tallan intanet da ka ɗauki hotonsa da kwanan wata. Haɗa da rasidan sabis, na sababbin tayoyi, na giyabos ko injin da ka canja kwanan nan, da hoton kilomitan nan. Ka lura da bambancin farashi tsakanin motar da aka shigo da ita kai tsaye da wadda aka jima ana hawa a gida. Mai tantancewa zai kwatanta taka da ta biyun, kuma yana da gaskiya, sai dai ka nuna cewa taka ta fi sauran lafiya. Kayan da ka ƙara, kamar rim masu tsada ko tukunyar gas, ba a biyansu sai idan tun farko ka bayyana su an rubuta.

Gawar motar

Da zarar kamfani ya biya cikakken kuɗi, abin da ya rage na motar ya zama nasa, zai sayar wa masu kayan gyara irin na Kofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Kana iya neman a bar maka, a cire kuɗinta daga abin da za a ba ka. Wannan yana da riba idan injin da giyabos suna da rai kuma kana da mai saye a hannu. Idan niyyarka ka gyara ka ci gaba da hawa, yi tunani sau biyu a kan motar da shasinta ya taɓu: tana cin taya gefe ɗaya, ba ta tsayawa a layi, kuma ƙarfen da aka gasa aka miƙe ba ya kare mutum a haɗari na gaba. Samun cikakkiyar inshora a kanta daga baya ma da wuya.

Wanda ƙimar motarsa ta fi abin da aka rubuta nesa ba kusa ba, irin mai Corollar can, yana da hujjar cewa bai kamata kamfani ya kwashe gawar gaba ɗaya ba, tunda rabin asarar shi ya ɗauka. Ba kullum ake dacewa ba, amma magana ce da ta cancanci a kawo ta teburin ciniki.

Takardu, da abin da ke sa a ƙi biya

Za a nemi fom ɗin neman diyya, rahoton 'yan sanda, lasin tuƙin wanda ke riƙe da sitiyari a lokacin, lasin mota, shaidar mallaka, rasidin saye, takardun kwastan, hotuna da makullai har da sifiya. Gobara na buƙatar rahoton hukumar kashe gobara. Sata kuwa ta fi ɗaukar lokaci, domin sai 'yan sanda sun ba da rahoton ƙarshe cewa ba a gano motar ba. Duk takardar asali da ka miƙa, ka yi mata kwafi, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata.

Dalilan ƙin biya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Lasin direba ya ƙare, ko yaron gida ne marar lasi ya ɗauki motar. An yi inshorar a matsayin motar gida alhali ana kabu-kabu ko Bolt da ita. Takardar ta gindaya sharaɗin saka tiraka, wato na'urar bin sawun mota, amma ba a saka ba, ko kuɗinta ya ƙare ta daina aiki. Sunan da ke takardar mota daban, na inshora daban, saboda an saya ba a canja mallaka ba. Sai ambaliya da tarzoma, waɗanda a takardu da yawa sai an saye su a matsayin ƙari. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta isa ta sa kowane mai mota ya buɗe takardarsa ya duba wannan layin. Abin da ka rubuta a fom kuma ya yi daidai da abin da ke rahoton 'yan sanda, har lokaci da sunan direba.

Sa hannu

Idan an daidaita, za a kawo maka takardar sallama, wadda ke cewa ka karɓi wannan adadi a matsayin biya na ƙarshe. Karanta ta layi-layi: ƙimar da aka amince, ekses, kuɗin gawa idan kai za ka riƙe, ragowar firimiya idan kashi-kashi kake biya, da kuɗin janwe. Bayan ka sa hannu, ƙofar ƙorafi a kan adadin ta rufu. Idan da bashin banki ka sayi motar, yawanci bankin ne za a fara biya, kai ka karɓi saura. Idan kuɗin bai rufe bashin ba, cikon yana kanka, don haka kada ka dakatar da biyan banki kana jiran inshora.

Idan kamfani ya yi shiru ko ya ƙi biya, nemi dalilin a rubuce, ka kai ƙorafi ga sashen koke na kamfanin, sannan ga ofishin karɓar koke na NAICOM, tare da kwafin duk wasiƙun da kuka yi musaya. Kotu ita ce mataki na ƙarshe. Masu takaful, wato inshorar Musulunci, irin na Jaiz ko Noor, su ma waɗannan matakan za su bi, kuma hukumar ɗaya ce ke sa ido a kansu.

Wanda kuma tad-fati kaɗai yake da ita, amma wani ne ya buge shi, zai nemi diyya daga kamfanin inshorar wancan, da rahoton 'yan sanda da ke nuna mai laifi. Iyakar miliyan 3 ce idan motar gida ce ta yi ɓarnar, miliyan 5 idan babbar motar kaya ce. Abin da ya haura, daga aljihun mai motar za a nema.

Da an biya, inshorar ta ƙare tare da motar, ba a mayar da kuɗin watannin da suka rage, kuma motar da za ka saya tana buƙatar tata daban. Kafin a ɗauke gawar, kwashe kayanka, cire tiraka da lambar motar, ka karɓi takardar da ke nuna ranar da ta bar hannunka zuwa na kamfani, domin irin waɗannan motoci wani lokaci akan gyara su su koma titi da tsofaffin takardu masu ɗauke da sunanka.